Hutun bazara a Ingila: mu kwana a gida, mu yini a wani gari

Yayata ta fi shekara goma tana zaune a Woolwich, kudu maso gabashin Landan, aikin jinya take yi, kuma ta daɗe tana min magiya in zo in ga yara kafin Hausa ta gama zubewa daga bakinsu. A 2025 dai Allah Ya nufa. Makarantar da nake koyarwa a Kaduna ta ba da dogon hutu ƙarshen Yuli, su ma yaran can lokacin suke fara nasu na kusan sati shida, sai abin ya zo daidai. A lokacin kuɗin bizar ziyara ta wata shida fam 127 ne, ga fam ɗaya ya haura naira 2,000, ban da takardar banki da wasiƙar gayyata da ta wurin aiki da zuwa Abuja ɗaukar yatsu. Da fasfo ya dawo da biza a ciki sai da na yi sujjada.

Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga can jirgin sama wajen awa shida da rabi. Yaya ta ja min kunne tun a waya: ba kilishi, ba dambun nama, ba man shanu, don an hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Sai na cika jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. A Heathrow masu fasfon Najeriya ba sa bin ƙofar na'ura, dogon layi muka bi har gaban jami'i, ya tambaye ni wa ya gayyace ni, ina zan sauka, yaushe zan koma, ya kalli tikitin dawowa ya buga hatimi. Yaya da babbar 'yarta suna jirana a waje. Muka sauka ƙasa muka hau jirgin ƙasa na Elizabeth line, wanda aka buɗe a 2022, shi ya ratsa da mu ƙarƙashin tsakiyar Landan har Woolwich ba tare da mun canza ba.

Daren farko ta zayyana min tsarinta. Ta ce ƙanwata kin ga otal a bakin teku cikin Agusta ba na irinmu ba ne, mota kuma man fetur da kuɗin fakin sun ishe ka. Don haka kwana a gida, yini a waje: mu fita da safe, mu hau jirgi, mu ga gari, mu dawo mu kwanta a gadonmu. Ta sayi wani kati da ake kira Family & Friends Railcard a fam 35, yana aiki shekara guda, manya a rage musu kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin ɗari, auta kuma da bai kai shekara biyar ba kyauta yake shiga. Sharaɗin dai a samu yaro a cikin tafiyar, kuma mu bar ma'aikata su gama rububin safe, don tikitin bayan tara da rabi ya fi araha nesa ba kusa ba. Tun dare muke dafa dafa-duka, mu soya kaza, mu sa zoɓo a firij, fulas ɗin shayi da safe. Da wata robar ruwa da ba a sha, ita ce butarmu, don bandakunansu takarda ce kawai.

Babbar 'yar tata, 'yar shekara sha uku, ita ce jagora. Tikiti na cikin wayarta, ta ɗaga kai ta kalli allo ta ce "Anti taho, saura minti huɗu", kuma wallahi minti huɗun ne.

Brighton muka fara zuwa, ta tashar London Bridge, awa ɗaya da 'yan mintoci. Da aka fita daga cunkoson gidaje sai kore ko ta ina, tumaki a cikin shinge ba makiyayi, jirgin ya shige rami ya fito ya sake shigewa. Tun 1841 aka shimfiɗa wannan layin, kuma shi ya mayar da garin wurin da talakan Landan zai iya zuwa shan iska ya koma rana ɗaya. Daga tasha gangara ce miƙe, kina tafiya kina hango wani abu shuɗi-shuɗi ya toshe ƙarshen titi, sai da na tambaya aka ce ai tekun kenan. Ni da ruwan da na sani bai wuce Kogin Kaduna ba, tsayawa na yi ina ta subhanallah, yara suna jan hannuna.

Bakin tekun ba yashi, duwatsu ne sulɓaɓɓu masu cika tafin hannu, in igiya ta koma sai ki ji suna ƙara gurrr gaba ɗaya. Tafiya a kai ba takalmi azaba ce. Ruwan kuma sanyi, ana rana tsaka amma da na tsoma ƙafa sai da na ji shi har cikin kaina, su kuwa Turawa har da tsofaffi suna ta ninƙaya hankali kwance. Ba zan ɓoye ba, shigar mutane a wurin ta yi min nauyi da farko, kau da kai na dinga yi. Amma da muka zauna na duba da kyau sai ga iyalai 'yan Bangladash da Somaliya da Larabawa birjik, mata da hijabinsu sun baje tukwane, wata har da abayarta ta shiga ruwa zuwa gwiwa, kuma ba mai kallon wani. Hankalina ya kwanta.

Yara suka nace sai an sayi kifi da cips. Yaya ta fara tambayar mai shagon da wane mai yake suya kuma ko akwai giya a ƙullun, don wasu suna zubawa, ya ce man girki ne zalla. Muka karɓo a kwali, ɗanta na tsakiya mai shekara tara ya ɗaga yankan kifinsa zai kai baki, sai ga wani farin tsuntsun teku mai girman agwagwa ya sauko ta bayansa ya fauce, irin yadda shirwa ke ɗauke ɗan tsako a tsakar gida. Yaron ya fashe da kuka, ba don kifin ba, fuka-fukin ne ya mare shi a kunne. Wani dattijo da ke kusa da mu da karensa ya matso ya nuna masa dabara: ka jingina da bango, ka rufe kwalin bayan kowace loma, kar ka ɗaga abinci sama. Daga ranar duk inda muka je bakin ruwa shi ne mai gadin abinci.

Mun taka gadar nan da ta shiga cikin teku, Palace Pier, wadda aka buɗe a 1899, lilo da wasanni da hayaniya, kuɗi na zuba kamar ba a san zafinsu ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Royal Pavilion. Daga nesa na rantse masallaci ne, ga ƙubbobi ga hasumiyoyi, ashe gidan shaƙatawa ne da Sarki George na huɗu ya sa aka gina masa da fasalin ginin Indiya. A yaƙin duniya na ɗaya, daga 1914 zuwa 1916, aka mayar da shi asibitin sojojin Indiya da aka raunata a Faransa. An yi musu kicin tara saboda kowane addini da irin abincinsa, Musulmin cikinsu suna sallah a filin ciyawar gaban ginin, wanda ya rasu kuma a kai shi Woking inda masallaci yake a yi masa sutura. Na zauna a wannan ciyawar ina tunanin yaron da aka ɗauko daga ƙauyensu ya zo ya mutu a yaƙin da bai san mafarinsa ba. Mu ma an kwashi kakanninmu zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙi na biyu. Azahar da la'asar a wani ƙaramin masallaci muka yi su, a Bedford Place, ba nisa da ruwa.

A dawowa ne muka sha wuya. Jirgin ya cika maƙil da masu komawa, wasu a buge suna waƙe-waƙe, auta ya yi barci a kafaɗata ina tsaye, sai kuma jirgin ya tsaya cak a tsakiyar daji wai fitilar ba da hanya ta samu matsala. Mun fi minti arba'in. Direba dai bai yi shiru ba, bini-bini ya yi magana ta lasifika ya faɗi abin da ake ciki ya ba da haƙuri. Wata budurwa mai ƙarfe a hanci ta tashi ta ba ni kujerarta ba tare da na roƙa ba. Da muka iso gida 'yar Yaya ta cika wani fom a waya, bayan 'yan kwanaki aka dawo mana da rabin kuɗin dawowar, don dokarsu ce in jirgi ya makara da rabin awa a biya ka. Wannan abu ya taɓa ni ƙwarai. Ba yawan kuɗin ba, a'a, yadda aka ɗauki lokacin talaka a matsayin abin da ke da daraja.

Kwanakin da ba mu fita ba ba wani labari, wanki da girki da zafi, don gidajen an gina su ne don riƙe ɗumi, ba fanka ba AC. Sallah ce ta so ta rikita ni, asuba wajen uku da rabi, magariba sai kusan tara, ki yi isha'i ki ɗan runtsa sai ga wata asubar.

Cambridge kusan minti hamsin ne daga King's Cross. Kafin mu shiga cikin gari muka bi Mill Road zuwa babban masallacinsu da aka buɗe a 2019, kuma duk wanda ya je Ingila ina roƙonsa ya je ya gani. Lambu za ki fara tararwa da maɓuɓɓugar ruwa, sannan ki shiga ciki ki ga ginshiƙan katako sun tashi sun yi rassa sun sarƙe da juna a sama, haske na saukowa ta saman kowane ginshiƙi, da rana ba a buƙatar ƙwan lantarki. Ruwan sama ma tara shi suke yi don bandaki da ban ruwan lambu. Wurin alwalar mata tsaf, ga wurin da mai jariri za ta zauna, kuma ba a cusa mu a wani lungu mai duhu ba, muna ganin liman. Yana ɗaukar mutum 1,000. Na daɗe ban ji natsuwa a sallah irin ta ranar ba.

Jami'ar kuma tun 1209 take, kwaleji 31 a warwatse cikin gari, ba wani get ɗaya da za ki ce nan ce makarantar. Kekuna ko'ina, farfesa da furfurarsa a kan keke da kwando. Ɗalibai na tuƙa masu yawon buɗe ido a kwale-kwale da doguwar gora a kan Kogin Cam, mun tambayi kuɗi muka ga ya yi mana yawa, sai muka tsaya a kan gada muna kallo. Abin mamaki, shanu jajaye suna kiwo a fili cikin gari, mutane na wucewa ta gefensu, an sa wasu ƙarafuna a ƙasa a bakin hanya da kofato ba ya iya takawa, shi kenan ba sa fita titi ba sa shiga gonar kowa. A matsayina na malama na tsaya da yaran a ƙofar King's College na ce musu ku da kuke da wannan a nisan awa ɗaya ba ku da uzuri.

Canterbury mun leƙa ta rabin yini, tsohuwar ganuwa da babbar majami'a da ruwan sama da ya kore mu da wuri.

Margate ce yaran suka fi so, ni ma haka. Daga Woolwich muka hau DLR, ƙaramin jirgin da ba shi da direba, zuwa Stratford, daga nan mai gudun nan da ke kaiwa kilomita 225 a awa. Kina fitowa daga tasha yashi na gabanki, yashi na gaske mai laushi. Mun isa ruwa ya janye can nesa, fili fetal, muka shimfiɗa tabarma yara suka kama gina ganuwa da bokiti. Wata tsohuwa da ke zaune a kujerar ninkewa can bayanmu ta taso da sandarta ta ce mana nan da awa biyu inda muke zaune zai zama ruwa. Ta nuna mana layin ciyawar teku da ya bushe a kan yashi ta ce nan ya tsaya da safe, nan kuma zai dawo. Sau biyu a yini yake cika ya janye, wata ne ke jansa. Na sha koyar da wannan a aji daga littafi, amma ranar na ga abin da idona: ruwan ba gudu yake ba, kowace igiya ta ɗan wuce ta baya da taki ɗaya, har ya zo ya ci ganuwar yaran suna ihu suna ƙara yashi. Ta kuma nuna mana tutoci masu ja da rawaya, ta ce tsakaninsu kaɗai ake wanka don nan masu ceto ke sa ido. Ta ce tun tana yarinya iyayenta ke kawo ta nan a jirgin ƙasa daga Landan, da ta yi ritaya sai ta dawo gaba ɗaya. Muka zuba mata zoɓo, ta sha ta ce a faɗa mata sunan ganyen, Yaya ta rubuta mata. Na yi la'asar a kan yashin, babu wanda ya ko juyo.

Amma garin da kansa akwai talauci. In kin bar bakin ruwa kaɗan sai shaguna a rufe, mutane kwance a ƙofar kanti cikin bargo. Ban zaci ganin haka a ƙasar Turawa da yawa haka ba.

Liverpool ce mafi nisa, awa biyu da 'yan kai daga Euston, kuma ita ce Yaya ta sayi tikitinta tun makonni kafin in zo, don in a ranar za ki saya a lokacin rububi zuwa da dawowa zai iya haura fam 300 mutum ɗaya. Su kansu Turawan kuka suke da tsadar jirginsu. Daga tashar Lime Street muka taka zuwa Brougham Terrace, wani gida da ba za ki ce komai ba ne daga waje. Nan wani lauya ɗan garin, Abdullah Quilliam, wanda ya musulunta a 1887 bayan ya je Maroko, ya buɗe masallaci a 1889. An jefe su da duwatsu suna sallah, bai fasa ba, har gidan marayu ya buɗe. Kuma ashe ya taka ƙasarmu: a 1894 ya je Legas bikin buɗe Masallacin Shitta-Bey a madadin Sarkin Daular Usmaniyya. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2014, ɗakin sallar ƙarami ne, a nan na yi ƙasarun azahar da la'asar.

Daga nan muka gangara bakin Kogin Mersey, iska kamar ta ɗauke mutum. Gidan tarihin cinikin bayi da ke Albert Dock a rufe muka same shi ana gyara, na so ƙwarai yaran su shiga, don jiragen ruwan wannan gari kaɗai sun kwashi 'yan Afirka wajen miliyan ɗaya da rabi. Sai na ba su labarin da baki muna zaune muna kallon manyan gine-ginen. Bayan bayi sai manja, bayan manja sai gyaɗa da auduga da fata. Na ce musu layin dogon da ya iso Kano a 1911 ba don kakanninku su je yawon shan iska aka yi shi ba, don amfanin gonarmu ya isa teku ne. Duk da haka mun more shi. Mahaifiyarmu har yanzu tana ba da labarin jirgin Kano zuwa Legas, a tsaya Zariya, a tsaya Kaduna, Minna, a haye gadar Jebba, masu tallan rake da dafaffen ƙwai suna miƙo kaya ta taga. Mu muka bari ya lalace.

Sai wajen goma na dare muka baro Liverpool, mata biyu da yara uku, jirgi na keta duhu, kowa ya yi barci har Yaya. Ni ce ban runtsa ba. Duk ɗan Kaduna ya san abin da ya faru daren 28 ga Maris 2022 a kan hanyar Abuja, kuma tun daga lokacin in jirgi ya rage gudu a daji gabana faɗuwa yake. A nan kuwa wata yarinya ita kaɗai a kujerar gabanmu ta sa abin ji a kunne tana barcinta, jakarta a gefe. Abin da na yi wa ƙasata kwaɗayi kenan, ba dogayen gine-gine ba. A ce malamar makaranta irina ta kwashi 'yan ajinta da safe ta kai su Kano su ga Gidan Makama da Kurmi da marinar Ƙofar Mata, su dawo Kaduna bayan isha'i iyayensu ba su zauna da waya a hannu suna salati ba. Nisan bai kai na Landan zuwa Liverpool ba.

Satin ƙarshe na sayayya ne a kasuwar Woolwich da auna jaka kar ta wuce kilo 23. Da muka zauna lissafi, duk kuɗin jiragen da muka hau mu biyar bai kai abin da za mu biya otal na 'yan kwanaki a Brighton ba, abinci kuwa daga tukunyarmu ya fito. Yaran sun raka ni har Heathrow, auta ya riƙe min mayafi yana "Anti kar ki tafi" da Hausarsa da ta fara miƙewa. Katin rangwamen bai ƙare ba, Yaya ta ce hutun Oktoba za ta kai su York su ga gidan tarihin jiragen ƙasa, shiga kyauta ne, na ce lallai a turo min hotuna in nuna wa 'yan ajina.